Katangar da ta Goce: Tarihin Tsagar da ta Ɗaga Tsaunukan Sham

A watan Oktoba na shekarar 1178, mayaƙan Salibiyya suka fara aza harsashin wani sansani a kan tudun da ke gaɓar yamma ta Kogin Urdun, arewa da Tafkin Ɗabariyya. Wurin mashigi ne da ayarin da ya taso daga Dimashƙa zuwa gaɓar Bahar Rum ke ƙetare ruwa. Musulmi suna kiransa Baitul Ahzan, saboda ruwayar da ke cewa a nan Annabi Yaƙub (AS) ya zauna yana jimamin rabuwa da Annabi Yusuf (AS). Salahuddin al-Ayyubi ya ga haɗarin da ke tattare da barin abokan gaba su yi ganuwa a ƙofar Dimashƙa, sai ya yi wa Sarki Baldwin na huɗu tayin dinari 60,000 a kan a dakatar da ginin, daga baya ya ƙara zuwa 100,000. Aka ƙi karɓa. A ƙarshen watan Agusta na 1179 ya kewaye sansanin, mahaƙansa suka yi rami ƙarƙashin katanga, suka tokare shi da itace, suka cinna wuta, katangar ta rufta. Ginin bai cika shekara guda ba aka ci shi da yaƙi, aka bar shi kufai.

Bayan shekara ɗari takwas da ɗoriya, a cikin shekarun 1990, masu tonon kayan tarihi da masana ilimin ƙasa, cikinsu har da Ronnie Ellenblum da Shmuel Marco da Amotz Agnon, suka tone kufan, wanda a yau yake arewacin Isra'ila daf da tuddan Golan, ana kiransa Ateret. Suka tarar da abin da yaƙi ba zai iya yi ba. Katangar arewa da ta kudu, waɗanda magina suka miƙe da igiya daga gabas zuwa yamma, kowacce ta katse a tsakiya, rabin gabas ya matsa arewa da mita 2.1, duwatsunsa na nan a jere kamar yadda aka aza su. A cikin farfajiyar kuma akwai kufan wani ƙaramin masallaci na zamanin Usmaniyya, shi ma bangonsa ya goce, amma da rabin mita kawai. Lissafin bai da wuya: ƙasar ta motsa da kimanin mita 1.6 bayan an gina sansanin, kafin a gina masallacin, sannan ta ƙara rabin mita daga baya. Da aka koma littattafan tarihi, sai aka sami ranakun: 20 ga Mayu 1202, da kuma kakar shekarar 1759.

Maginan Salibiyya, ba da saninsu ba, sun aza gininsu a kan iyakar manyan ɓangarori biyu na ɓawon ƙasa. Wannan iyaka ita ce ta tsara fasalin ƙasar Sham baki ɗaya.

Yadda ƙasa ke gocewa

Ɓawon duniya a farfashe yake, kamar ƙwaryar da ta zama sakaina amma gutattsarinta suna nan a haɗe. Kowane ɓangare yana tafiya a hankali. A wasu wurare ɓangarori biyu suna rabuwa, teku ya shiga tsakaninsu, kamar yadda Bahar Maliya ke raba Jazirar Larabawa da Afirka. A wasu wuraren suna karo, tsaunuka su tashi, kamar tsaunukan Zagros na Iran. Akwai kuma hali na uku, inda ɓangarorin ke gogar juna a kwance, wannan ya wuce ta gefen wancan. Irin wannan tsaga ce ta taso daga Mashigin Aƙaba, ta bi ta Wadi Araba da Mataccen Teku da kwarin Urdun, ta ratsa Labanan da yammacin Siriya, ta ƙare a kudancin Turkiyya, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Ɓangaren Larabawa da ke gabas yana matsawa arewa idan aka gwada shi da ɓangaren Sina'i da ke yamma. Duk gefen da mutum ya tsaya ya fuskanci tsagar, zai ga ɗaya gefen hagu yake tafiya.

Na'urorin awo na tauraron ɗan Adam sun nuna cewa saurin tafiyar milimita 4 zuwa 5 ne a shekara. Farcen mutum yakan tsiro fiye da haka cikin wata biyu. Sai dai sannu ba ta hana zuwa, kuma tafiyar ta soma tun shekara miliyan 15 zuwa 20 da suka wuce.

Abin da ya sa wannan tafiyar hawainiya ke kisa shi ne, leɓunan tsagar a manne suke. Duwatsun da ke nesa da ita suna ci gaba da tafiya, na bakinta suna maƙale, ƙasar da ke tsakani tana lanƙwasa kamar bakan da ake jan tsirkiyarsa. Ranar da ƙarfin ya fi ƙarfin mannewar, sai tafiyar ɗaruruwan shekaru ta auku cikin daƙiƙoƙi. Masanin Amurka Harry Fielding Reid ne ya bayyana haka a 1910, bayan ya nazarci awon filayen da ke gefen tsagar San Andreas kafin girgizar ƙasar San Francisco ta 1906 da bayanta.

Musun shekara ɗari

Gane cewa ƙasar Sham gocewa take yi a kwance ya ɗauki masana kusan ƙarni guda. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya tsaya a tuddan Ƙudus ya dubi gabas: abin da ido ke gani rami ne mai zurfi da ganuwar dutse a kowane gefe. Hankali sai ya ce ƙasa ce ta rabe, tsakiyarta ta nutse.

Bafaranshen masani Louis Lartet, wanda ya bi ayarin binciken Mataccen Teku a 1864, ya lura cewa duwatsun gabas ba su dace da waɗanda ke fuskantarsu a yamma ba, kuma a rubutunsa na 1869 ya kawo shawarar cewa an sami matsawa a kwance. Ba a kula maganar ba. A ƙarshen ƙarni na 19, Eduard Suess na Ostiriya da John Walter Gregory na Birtaniya suka ɗauki kwarin Urdun a matsayin ƙarshen arewa na babban kwarin da ya tsaga Gabashin Afirka, wato ƙasar da aka ja ta rabe. Wannan ra'ayi ya shiga littattafan makaranta ya zauna daram. A 1932 Louis Dubertret, wanda ya yi shekaru yana zana taswirar duwatsun Labanan da Siriya, ya sake ta da batun gocewa, har ya ƙiyasta kilomita 160.

Wanda ya kawo hujjar da ta yi nauyi shi ne Albert Quennell, mutumin New Zealand da ya yi aikin binciken duwatsu a ƙasar Urdun. Ya bi duwatsun gefen gabas ɗaya bayan ɗaya, ya nemo wa kowanne abokinsa a yamma, ya tarar kullum abokin yana can kudu, kuma nisan bai cika canjawa ba. A taron masana ilimin ƙasa na duniya da aka yi a Meziko a 1956, da kuma maƙalarsa ta 1958, ya ce jimillar gocewar kilomita 107 ce. Misalin da ya fi saurin shiga kai shi ne na tagulla. A Timna, yamma da Wadi Araba, akwai ma'adinan tagulla da aka haƙa tun dubban shekaru. A Fainan, gabas da kwarin, kimanin kilomita ɗari zuwa arewa, akwai wasu a cikin irin duwatsun nan. Idan aka yanka taswira a kan tsagar, aka ja gefen gabas zuwa kudu da kilomita ɗari da 'yan kai, sai yankunan biyu su haɗu su zama ɗaya.

Manyan masanan yankin, irin su Leo Picard na Jami'ar Ibrananci da ke Ƙudus, ba su yarda ba. A lokacin, yawancin masana ba su amince nahiyoyi na tafiya ba, balle a ce ƙasa ta yi tattakin kilomita ɗari. Amma hujjoji suna ta taruwa daga wasu wurare. A ƙarshen shekarun 1940, Harold Wellman ya nuna cewa duwatsun tsibirin kudu na New Zealand sun goce da kilomita 480 a kan tsagar da ke gindin tsaunukansa, İhsan Ketin kuma ya bayyana a 1948 cewa yankin Anatoliya na zamewa zuwa yamma. A 1965 Tuzo Wilson na Kanada ya bayyana matsayin irin waɗannan tsagogi a cikin tsarin tafiyar ɓangarorin ɓawon ƙasa: su ne ke haɗa inda ƙasa ke rabewa da inda take karo. Tsagar Sham ta dace da wannan bayani sarai, domin ta haɗa Bahar Maliya mai buɗewa da tsaunukan kudancin Turkiyya masu matsewa. Aikin Raphael Freund da abokansa zuwa 1970 ya tsayar da adadin a kan kilomita 105, kuma har yau kusan nan ake.

Inda tsaga ta karkata

Saura tambayar da masu musu suke da gaskiyar yi: idan tafiyar a kwance take, me ya haƙa ramin, me kuma ya ɗaga tsaunukan?

Amsar tana cikin lanƙwasar tsagar. A ɗauki takarda a yanka ta daga ƙasa zuwa sama, a yi ɗan gwiwa a tsakiyar yankan, a shimfiɗa ta a tebur, a tura ɓangaren dama gaba. Idan gwiwar ta karkata hagu, sai gurbi ya buɗe a wurin. Idan dama ta karkata, ɓangarorin biyu za su ci karo, takardar ta tattare ta yi tozo.

A kudu, tsagar tana yawan tsallakawa hagu. Kowane tsallake ya buɗe kwari: Mataccen Teku, wanda gaɓarsa ke fiye da mita 430 ƙasa da fuskar teku, wuri mafi zurfi a doron busasshiyar ƙasa, Tafkin Ɗabariyya, kimanin mita 210 ƙasa da fuskar teku, da fadamar Hula. Abin da ido ke gani ma kaɗan ne daga zurfin, domin ƙarƙashin Mataccen Teku akwai laka da gishiri da suka taru masu kaurin fiye da kilomita 8.

Da tsagar ta shiga Labanan sai ta karkata dama, ta nufi arewa maso gabas na tsawon kusan kilomita 200, kafin ta sake miƙewa arewa a Siriya. A wannan gwiwa ƙasar ba ta da wurin wucewa sai sama. Tsaunin Labanan ya tashi a yamma, ƙololuwarsa Ƙurnatus Sauda ta kai mita 3,088. A gabas kuma jerin tsaunukan da ke kan iyakar Labanan da Siriya suka tashi, da Jabalush Shaikh mai mita 2,814 a ƙarshensu na kudu. Tsakaninsu kwarin Biƙa'a ya kwanta. Daga Ƙurnatus Sauda zuwa gaɓar Mataccen Teku bai kai kilomita 300 ba, amma bambancin tsayinsu ya kai mita 3,500, kuma motsi ɗaya ne ya haifar da su duka.

Duwatsun da aka ɗaga ɗin na farar ƙasa ne da suka kwanta a ƙarƙashin teku. A ƙauyukan Haƙil da Hajula, a kan tsaunin da ke bayan Jubail, har yau ana fasa dutse a tarar da kifin da ya daskare tun kimanin shekara miliyan 95. Jean de Joinville, wanda ya raka Sarki Louis na tara na Faransa zuwa Sham a tsakiyar ƙarni na 13, ya ba da labarin yadda aka kawo wa sarkin irin wannan dutse a Saida.

A cikin gwiwar, tsagar ta rabu reshe-reshe. Babban reshen shi ne na Yammuna, wanda ya bi gefen gabas na Tsaunin Labanan, ya yanka shi a miƙe kamar da wuƙa. Wani reshen, na Rashaya da Sargaya, ya ratsa tsaunukan gabas. Masu binciken da suka bi waɗannan rassa da ƙafa da hotunan sama sun tarar da alamomi iri ɗaya ana ta maimaitawa. Ƙoramar da ta gangaro daga tsauni, da ta iso tsagar sai ta yi kwana kwatsam, ta bi ta na ɗan nisa, sannan ta sake kwana ta ci gaba da gangara, domin an ja rabin kwarinta gefe. Wani wuri an turo tudu ya toshe bakin kwazazzabo, ruwa ya taru a bayansa. Tarin tsakuwar da ambaliya ta zubar a gindin tsauni ya rabu da kwarin da ya haife shi. Maɓuɓɓugan ruwa sun jeru a layi guda, saboda niƙaƙƙen dutsen da ke cikin tsagar yana tare ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tilasta masa fitowa. Filin Yammuna kansa, wanda ke can saman tsauni, ƙaramin gurbi ne irin na Mataccen Teku, kuma tafki ne a da, kafin a janye ruwansa a ƙarni na 20.

Tarihin mutanen yankin ya bi wannan fasali. Tsaunukan suna tare iskar da ke ɗauko ruwa daga Bahar Rum, shi ya sa Bairut ke samun fiye da milimita 800 na ruwan sama a shekara, Dimashƙa kuwa, wadda ba ta kai kilomita 100 daga can ba, tana samun rubu'in haka ko ƙasa. Amma tsaunukan suna mayar da abin da suka tare ta wata hanya. Kogin Barada, wanda ya raya Dimashƙa da lambunan Guɗa dubban shekaru, yana tasowa ne daga kwarin Zabadani da ke kan reshen Sargaya. Dusar ƙanƙarar Jabalush Shaikh ce ke ciyar da Kogin Urdun. Kogin Asi ya taso daga arewacin Biƙa'a, ya bi ta Hims da Hama, ya shiga fadamar Gab, wadda ita ma gurbi ce da tsagar ta buɗe. Kwazazzaban tsaunin kuwa sun zama mafaka ga al'ummu irin su Maruniyawa da Duruzawa.

Abin da marubuta suka ajiye

Yankuna kaɗan ne a duniya ke da rubutaccen tarihin girgizar ƙasa mai tsawo irin na Sham, kuma malaman Musulunci ne suka rubuta kaso mai yawa daga ciki. Girgizar 749 ta rusa Baisan da Ɗabariyya, ta lalata Masallacin Aƙsa, shekara guda kafin faɗuwar daular Umayyawa. Ta 1157 ta ragargaza Hama, ta kuma rushe fadar Shaizar a kan dangin Banu Munƙiz da suka taru wajen walima. Marubucin gidan, Usama bin Munƙiz, ya tsira ne domin ba ya gari. Ta 1170 ta girgiza yammacin Siriya, har Nuruddin Zangi da 'yan Salibiyya kowa ya koma gyaran ganuwarsa. Kusa da Misyaf akwai wata tsohuwar magudanar ruwa ta dutse da aka gina kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Mustapha Meghraoui da abokan aikinsa sun auna gocewarta suka sami mita 13.6, aikin girgiza uku aƙalla, ta ƙarshensu ita ce ta 1170.

Wadda ta fi shafar tsaunukan Labanan ita ce ta asubahin Litinin, 20 ga Mayu 1202, cikin watan Sha'aban na 598 bayan Hijira. Likita kuma malami Abdullaɗif al-Bagdadi yana Alƙahira ya ji ta, ya kuma kwafe wasiƙun da suka iso daga Hama da Dimashƙa a cikin littafinsa na bayanin Masar. Nablus ta rushe, Sur da Akka da Ba'alabak suka yi mummunar ɓarna, sassan Masallacin Umayyawa suka zube. A cikin labaran akwai na wasu mutanen Ba'alabak, kimanin 200, da suka hau tsauni tsinkar wani tsiro mai tsami da Larabawa ke kira ribas, duwatsu suka zubo suka binne su. Wasu marubutan sun ce mamatan sun haura miliyan, sai dai adadin ya haɗa da waɗanda yunwar Masar ta kashe a waɗannan shekaru da Kogin Nilu ya ƙi cika.

A 1759 aka yi biyu a jere, 30 ga Oktoba da 25 ga Nuwamba. Robert Wood, da ya ziyarci Ba'alabak a 1751, ya tarar da ginshiƙai tara a tsaye a babban haikalin Rumawa. Bayan girgizar shida suka rage, kuma su ne masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonsu a yau.

Daɗewa ana ɗauka girgizar 1202 da ta 1759 daga reshe ɗaya suka fito. A farkon shekarun 2000, Mathieu Daëron da abokan aikinsa na Faransa da Labanan suka haƙa dogayen ramuka a busasshen tafkin Yammuna, inda laka ta kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace girgiza ta bar karaya a shimfiɗar zamaninta. Suka ƙirga manyan girgiza 10 zuwa 13 cikin shekara 12,000, wato kusan ɗaya a kowace shekara dubu da ɗoriya. Ta ƙarshe a cikinsu ita ce ta 1202. Ta 1759 daga reshen Rashaya da Sargaya ta fito.

Abin da ya taru

Ma'anar wannan bincike ita ce, babban reshen da ke gindin Tsaunin Labanan bai saki ba tun shekara 820 da ɗoriya. Idan aka ninka waɗannan shekaru da milimita 4 zuwa 5, za a sami mita 3 zuwa 4 na tafiyar da aka yi daga nesa amma bakin tsagar bai biya ba. Babu masanin da zai iya faɗin ranar biya, domin tazarar da ke tsakanin girgizar da aka ƙirga a Yammuna ba ɗaya ba ce, wata ta fi wata da ɗaruruwan shekaru.

Ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta nuna yadda irin wannan biya yake. Tsagar Gabashin Anatoliya, wadda ta haɗu da ta Sham a kusa da Antakiya, ta saki da ƙarfin 7.8, ta yage ƙasa na tsawon fiye da kilomita 300, tituna da layin dogo da shingayen gonaki suka goce da mitoci, kamar katangar Baitul Ahzan. Fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya, mafi yawansu a cikin benayen da ba a gina su don jure girgiza ba.

A 1202 biranen Sham ƙanana ne. A yau Bairut da Dimashƙa kowacce tana ɗauke da miliyoyin mutane a nisan 'yan gomman kilomita daga rassan tsagar, kuma ɗimbin benayen Bairut an gina su ne kafin a soma tilasta ƙa'idojin jure girgiza, wasu ma cikin shekarun yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990, lokacin da babu mai duba gini. Babbar hanyar da ke haɗa biranen biyu tana hawa Tsaunin Labanan, ta ƙetare reshen Yammuna yayin gangarawa Biƙa'a, sannan ta ƙetare na Sargaya a cikin tsaunukan gabas.

A Ateret, masu tonon sun ci gaba da haƙa ƙarƙashin harsashin 'yan Salibiyya, suka tarar da bangayen da suka girme shi da fiye da shekara dubu, na zamanin da Girkawa ke mulkin yankin. Su ma sun katse a daidai wannan layi, gefen gabas ya yi arewa, kuma gocewarsu ta kai mita 6.